Ki Shuka Citta A Gida, Amma Ki San Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Maigida da Inna da kuka rako mai juna biyu awo, ku ma ku matso kusa, domin maganar ta yau ta shafe ku, har ma akwai aikin da zan ɗora muku a ciki.

Da wuya ranar awo ta wuce ba a yi mini tambayar nan ba: "Sista, me zan sha laulayin nan ya sake ni?" Wata kuma ba ta tambaya, sai dai in kin leƙa jakarta ki ga wata gora da jan ruwa ko baƙi a ciki, babu suna babu takarda. In kin ce mene ne wannan, sai ta ce jiƙo ne, wata maƙwabciya ta kawo mata, ko an sayo mata a tasha. In kin ce me da me aka sa a ciki, sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ita ma ba ta sani ba.

Ra'ayina a kan wannan shi ne, gidan da ke da mace mai haihuwa ya kamata a ce akwai tsiron citta a cikinsa, ko da a buhu ɗaya ne a bayan ɗaki. Ina nufin citta mai yatsu, wadda muke sa wa a kunu da yaji, ba citta mai ƙwaya ba. Abin da kika shuka da hannunki kin san shi, kin san ƙasar da ya fito, kin san ruwan da ya sha. Amma tun yanzu zan faɗa miki, citta tana da inda ƙarfinta ya tsaya, kuma wannan ɓangaren ne na fi so ki riƙe.

Mu fara da shi laulayin. Tashin zuciya da amai suna samun akasarin masu ciki, wajen bakwai a cikin kowane goma. Yawanci yakan fara ne a mako na 6, ya yi ƙamari wajen mako na 9, sannan ya lafa tsakanin mako na 14 da na 16. Wasu kan kai mako na 20, 'yan kaɗan kuma har haihuwa. Ba da safe kawai yake zuwa ba. A ƙarshen shekarar 2023 masu bincike na jami'ar Kambirij ta Ingila da abokan aikinsu na Amurka da Siri Lanka suka buga sakamakon da ya nuna cewa wani sinadari mai suna GDF15, wanda mabiyiya ke zubawa a jinin uwa, shi ne babban mai tayar da zuciyar, kuma jikin wata mace ya fi na wata jin zafinsa. Na kawo wannan ne saboda Inna da maigida. Yarinyar nan da ke kwance tana cewa warin girki na tayar mata da zuciya ba shagwaɓa take yi ba, ba kuma gudun aiki ba ne. Wadda ta yi ciki shida ba ta yi amai ko sau ɗaya ba, sa'a ta yi, kada ta auna surukarta da kanta.

To ina citta ta shigo? A cikin itatuwa da ganyayen da ake ba masu ciki, tana daga cikin 'yan kaɗan da aka zauna aka gwada. A shekarar 2001 likitoci a birnin Ciyan Mai na ƙasar Tailan suka buga gwajin da suka yi da mata 70 masu ƙaramin ciki. An ba wasu garin citta giram 1 a rana, an raba shi kashi huɗu, har kwana 4, sauran kuma aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu citta a ciki. Waɗanda suka sha cittar sun fi samun sauƙi. An maimaita irin wannan gwaji a ƙasashe da dama, kuma da aka tattara su wuri guda abin da ya fito shi ne, citta tana rage tashin zuciya, amma ba ta cika rage yawan aman kansa ba. Batun ko tana cutar da ɗan tayi kuwa, a ƙasar Norwe an bi sawun mata fiye da 68,000, daga cikinsu fiye da 1,000 sun yi amfani da citta suna da ciki, kuma rahoton da aka buga a 2013 bai ga ƙarin nakasa ga jariransu ba. Saboda irin waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin awon ciki da ta fitar a 2016, ta sa citta da bitamin B6 cikin abubuwan da mace za ta iya amfani da su don tashin zuciyar farkon ciki.

Ki lura da adadin da aka gwada: giram 1 na busasshiya a yini guda. Wato kimanin rabin ƙaramin cokalin shayi na gari, a raba shi sau uku ko huɗu. In ɗanya ce, kamar girman gaɓar saman babban ɗan yatsanki ya isa yini. Ba tafin hannu guda ba, ba kuma irin haɗin da ake yi wa mai mura ba, a zuba citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa har sai an yi gumi. Cittarmu ta ƙasar nan an san ta da yaji, saboda haka ma kaɗan ya wadatar.

A nan ne nake ganin akwai abin koyi a wurin mutanen Asiya. Asalin citta daga can yankin kudu maso gabashin Asiya take, kuma har yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma ta. Su galibi ɗanyarta suke sa wa a abinci, kaɗan-kaɗan, kusan kullum. A Indiya ana daka 'yar guntuwa a jefa a shayin madara, ana kuma markaɗa ta da tafarnuwa a soya miya da ita. A ƙasar Sin ana yanka ta siri-siri a ɗora a kan kifi don ta kashe ƙarni, kuma marar lafiya akan dafa masa shinkafa da ruwa mai yawa har ta narke kamar kunu, a sa 'yar citta a ciki. A Japan sabuwar citta wadda ba ta ƙosa ba suke yankawa fale-fale su tsuma ta. A Indunusiya suna da ruwan citta mai ɗumi da suke sha da yamma. Mu kuwa mun fi sabawa da busasshiya, a daka ta da barkono a yi yaji, ko a cika ta a kunu har ta riƙa ƙona maƙogwaro. Ga mai laulayi, hanyar can ta fi dacewa. Wannan narkakkiyar shinkafar ma ki gwada ta: gwangwani ɗaya na shinkafa, ruwa kamar gwangwani takwas, yanka biyu ko uku na ɗanyar citta, ɗan gishiri, a bar ta a ƙaramar wuta. Ba ta da mai, ba ta da wari, kuma na ga matan da suka kasa riƙe tuwo da shinkafa da miya sun riƙe ta.

Za ki ce, to ai ga citta nan a kasuwa, mene ne na wahalar shuka? Gaskiya ne, kuma mu ba baƙinta ba ne. Kudancin jihar Kaduna, wajejen Kachia da Jaba da Kagarko, nan ne cibiyar nomanta, har ta sa Nijeriya cikin manyan masu noma ta a duniya. Amma ku tuna abin da ya faru a daminar 2023. Wata cuta ta ruɓewa ta faɗa wa gonakin yankin, manoma da yawa suka rasa akasarin abin da suka shuka, har iri ya yi wuya, farashi ya ninka ya sake ninkawa. Duk wadda ke cefane ta ji a jikinta. Ƙullin da ake ba yaro gyara sai da ya koma abin ciniki. Sannan garin da kike saya a ƙulle ba ki san yadda aka shanya shi ba. Wanda ya bi hanya da kaka ya ga yadda ake baza amfanin gona a bakin titi, ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kai. Wanda bai bushe da kyau ba kuma yana yin fumfuna, kuma fumfunar kayan yaji tana iya ɗauke da guba mai taɓa hanta. Lemon kwalba mai sunan citta kuwa, yawancinsa sukari ne da ƙamshi.

Shukar ba ta da wuya, in dai an kiyaye abu biyu: inuwa da magudanar ruwa. Ni kaina karon farko asara na yi. Na samu bokitin fenti na cika shi da ƙasa, ban huda gindinsa ba, na ajiye shi a tsakar gida inda rana ke dukansa tun hantsi, kullum kuma ina kwarara masa ruwa don ina ganin gata nake yi masa. Bayan wata guda da na tona, abin da na tarar ya narke yana wari. Wata mai sharar ɗakin haihuwa, 'yar kudancin Kaduna, ita ta yi mini dariya ta koya mini yadda ake yi a garinsu, kuma yadda ta koya mini ne zan faɗa miki.

Ki je kasuwa ki zaɓi ɗanyar citta mai tauri, mai nauyi a hannu, wadda fatarta ba ta yamushe ba kuma babu wurin da ya yi laushi ko baƙi. Busasshiya ba ta tsirowa. Ki duba jikinta za ki ga 'yan ƙananan ƙullutai masu tsini, su ne idanun, daga nan take tohowa. Iri biyu aka fi sani a wajenmu: tafin giwa, mai kauri da launin rawaya, da yatsun biri, mai siraran yatsu wadda ta fi duhu. Tafin giwa ta fi auki, ita nake shukawa. Ki yanka ta gunduwa-gunduwa da wuƙa mai tsabta, kowace gunduwa tsawon santimita 3 zuwa 5, da ido ɗaya ko biyu a jikinta. Kada ki shuka nan take. Ki bar su a inuwa kwana ɗaya ko biyu, wurin yankan ya bushe, don in kin binne shi da ɗanyen rauni ruɓa zai yi.

Citta a kwance take yaɗuwa, ba ta nutsewa ƙasa sosai, don abin da muke ci ɗin ma ba saiwa ba ne, kara ne da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka mazubi mai faɗi ya fi mai zurfi. Tsohon buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa zuwa rabi ya yi, tsohon baho da ya fashe ma ya yi, tukunyar ƙasa da ta tsage ita ce ma ta fi, domin ba ta ɗaukar zafi. Ko wanne ne, a huda gindinsa wuri da yawa. Kada a yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko man fetur a ciki. Ƙasar kuma ta zama mai laushi: ƙasar lambu kashi biyu, takin dabbobi wanda ya daɗe ya huce kashi ɗaya, da ɗan yashi in ƙasarku mai danƙo ce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona ta. Sai a binne gunduwoyin zurfin santimita 5, ido yana kallon sama, a bar tazarar kamar taƙi guda tsakaninsu. Buhu ɗaya zai ɗauki uku. A rufe saman da busasshiyar ciyawa ko ganye ko ɓuntun shinkafa, don ƙasar ta riƙe laima.

Manoman kudancin Kaduna suna shukawa ne a watan Afrilu zuwa Mayu, da saukar ruwan farko. Can ruwan sama yana da yawa kuma damina tana da tsawo. Wadda ke Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maiduguri ba ta da wannan, don haka dole ta cike giɓin da hannu. Ki ajiye buhun inda zai samu ranar safe, inuwa ta rufe shi kafin azahar, kamar gindin bishiya ko gefen katanga ta gabas. In bazara ta yi tsanani ki jira zafin ya ɗan karye. Ban ruwa kuwa, ki sa yatsa a ƙasar: in saman ya bushe ki zuba, in da sauran danshi ki ƙyale. Ruwan wankin shinkafa ko na wanke ganye ya yi, amma ban da mai sabulu ko omo. Da damina ta kankama ki ɗora buhun a kan duwatsu ko bulo don kada ya zauna cikin ruwa.

Sai haƙuri. Takan yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har fiye, kafin ki ga wani koren tsinke ya leƙo. Kada ki tona don ki duba, na san hannu yana ƙaiƙayi. In ta fito za ta yi kara mai siraran ganye, ta kai gwiwa ko ƙugu. Duk bayan wata guda ki ƙara ɗan taki da ƙasa a gindinta, musamman in kin ga cittar ta fara bayyana a sama. Kaji su ne manyan abokan gaba, sukan tone buhun tas, sai a kewaye shi da ƙaya ko tsohon raga. In kika ga ganyen wata ya yi rawaya tun da damina, karan ya yi laushi yana cirewa da an ja shi, ruɓa ce. Ki cire ta da ƙasar da ke kewaye da ita ki zubar nesa, kada ki sake shuka citta a wannan ƙasar.

Daga wata 5 zuwa 6 za ki iya sa hannu ta gefe ki ɓallo ɗan yatsa guda ki mayar da ƙasa. Wannan sabuwar ba ta da zare, fatarta ba ta buƙatar ferewa, yajinta kuma bai kai na tsohuwa ba, ita ce ta fi daɗi ga mai tashin zuciya. Ƙosawa kuwa sai wata 8 zuwa 10, lokacin da ganyen zai bushe da kansa da shigowar hunturu. Mutane da yawa a nan suke zubar da buhun, suna zaton ta mutu. Barci take yi. Ki tone abin da kike buƙata, ki bar 'yan gunduwoyi masu ido a ciki, ki rage ruwa ƙwarai, ki bar buhun a inuwa. Da zafi da laima sun dawo za ta sake tohowa. Shi ya sa ba sai kin sayi iri kowace shekara ba.

Ga aikin da na ce zan ba maigida. Cika buhu da ɗaga shi da kawo taki naka ne, kada ka bar mata. Ke kuma in za ki taɓa ƙasa ki sa safar hannu ko ki ɗaura leda, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama, ki wanke cittar sosai kafin ki yi amfani da ita. Dalili shi ne kyanwa tana son yin kashi a ƙasa mai laushi, kuma kashinta na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke ratsawa ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Kada kuma a sa faranti a ƙarƙashin buhu ruwa ya taru, gidan sauro ne kuke ginawa a ƙofar ɗakin mai ciki.

Na san wata za ta yi lissafi ta ce, Sista, in na shuka yau ai kafin ta nuna laulayin ya wuce. Haka ne, ban musa ba. Na wannan cikin, ki sayi ɗanya mai kyau a kasuwa, ki yi amfani da rabi ki shuka rabi. Wadda kika shuka a watan awonki na farko za ta ƙosa daidai lokacin jegonki. Bayan haka tana nan tana jiran ƙanwarki ko matar ƙanin miji ko maƙwabciya, ko ke kanki in an sake zagayowa bayan kin huta.

Yadda za ki sha kuwa, ki yanka ɗanya fale-fale guda uku ko huɗu, ki zuba musu tafasasshen ruwa kofi ɗaya, ki rufe minti 10, ki tace. Ki riƙa kurɓa a hankali, kada ki kwankwaɗa. In kina so ki matsa lemon tsami ki sa ɗan zuma. Kada ki haɗa da ganyen shayi a lokacin da za ki sha ƙwayar ƙarin jini, don ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke cikinta. Wannan ƙwayar ma kanta tana tayar wa wasu da zuciya. In haka ne ki mayar da ita dare bayan kin ci abinci, in bai yi ba ki zo mu duba, amma kada ki daina shan folik asid da kanki. Ki ajiye busasshen biskit ko gasasshen burodi kusa da gado ki ci kafin ki tashi. Ci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi cika ciki sau biyu, kuma yunwa kanta tana ƙara tashin zuciya. In kin gwada citta kwana huɗu ko biyar ba ki ga bambanci ba, kada ki ƙara yawanta. Ba ta karɓe ki ba ke nan, ki zo akwai magunguna da likita zai rubuta waɗanda ba sa cutar da ciki.

Akwai kuma waɗanda nake cewa su tambaye mu tukuna. Mai fama da ƙwannafi, citta na iya ƙara mata shi. Wadda aka ɗora a kan maganin tsinka jini, ko allurarsa ko ƙwayarsa, har da asfirin ɗin da muke ba masu haɗarin hawan jini, ta faɗa wa likitanta kafin ta mayar da ruwan citta abin sha na kullum. Haka wadda ke ganin jini a cikin nan, ko ta taɓa zubar da jini mai yawa a haihuwar baya, ko aka sa mata ranar tiyata. Ɗan abin da ake sa wa a miya ba shi nake nufi ba. In watan haihuwa ya kama kuma, babu wani dalilin shan ta da yawa. Masu cewa a dafa ta da kauri a sha don naƙuda ta yi sauri, babu hujja a kan haka, ku bar naƙuda ta zo da kanta.

Yanzu ga inda ƙarfin citta ya tsaya. Shekarun baya an kawo mana wata yarinya, cikin fari, wata uku bai cika ba. A kafaɗa aka shigo da ita. Leɓenta ya tsage, idanunta sun faɗa, da ƙyar muka samu jijiyar da za mu sa mata ruwa. Kwana tara tana amai, ko yawunta ba ta iya haɗiyewa. Mutanen gidan ba sakaci suka yi da ita ba, suna ta dafa mata citta da lemon tsami safe da yamma, tana sha tana dawowa da shi, ana cewa laulayi ne zai wuce. Da na tambayi uwar mijin me ya sa ba su zo da wuri ba, sai ta ce ai a wajen awo aka ce citta tana magani. Maganar ta tsaya mini a rai, domin mu ne muka faɗa, ba mu kuma faɗi sauran ba. Yarinyar ta kwana shida a gado tana shan ƙarin ruwa da allurai kafin ta iya riƙe kunu.

Wannan shi ne aman ciki mai tsanani, yana samun mace ɗaya zuwa uku a cikin ɗari. Citta ba ta yi masa komai, har ma takan ƙara ƙona maƙogwaron da ya riga ya ɗaye. In ya daɗe yana taɓa ƙoda, yana kuma ƙarar da bitamin B1 na jiki, abin da kan iya taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda haka, maigida, in ta yini ta kwana ko ruwa bai zauna mata ba, ka kawo ta. In fitsarinta ya koma ja-ja kuma kaɗan, ko ta yi awa takwas ba ta yi ba, ka kawo ta. In tana ganin jiri da ta miƙe, ko zanenta ya fara yi mata yawa, ko akwai jini a aman, kada a jira ranar awo. Amai da zazzaɓi kuwa ba laulayi ba ne sai an gwada an gani, yana iya zama maleriya ko ciwon mafitsara. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne aman da ya fara bayan ciki ya tsufa, tare da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko kumburin fuska da hannu. Wannan alamar hawan jinin masu ciki ce da ke kai wa ga jijjiga. Ko ƙarfe biyun dare ne a nemo mota.

Bayan haihuwa, lokacin da buhunki ya ƙosa, ki sa cittarki a kunu da farfesu yadda kika saba, ba ta hana shayarwa. Matan Sin ma a watan jegonsu kaza da citta ake dafa musu. Inda nake da magana da Inna shi ne kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu sassan ƙasar nan ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jinin ciki da rashin abinci mai gina jiki. Duk da haka kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ƙara wa zuciya nauyi, kuma mai jegon da ta yi hawan jini ko kumburi ba ta da abin yi da ita. A dama mata kunun gero da citta da tsamiya, ko kunun gyaɗa. In mai jego ta fara haki, ko tari in ta kwanta, ko ƙafafunta suka kumbura, a dawo da ita asibiti ranar.

Ki zo awo da wuri, kafin ciki ya cika mako 12, don a nan ne laulayin yake kuma a nan ne za mu fi yi miki amfani. In kina shan wani jiƙo, ki zo da gorar mu gani, ba za mu yi miki faɗa ba. Wadda kuma ta sayo citta ba ta gane idon ba, ta saka ta a jaka ranar awo, in mun gama gwajin jini da awon nauyi zan nuna mata inda za ta yanka.